Matan da Suka Sa Aka Ji Motsin Sararin Samaniya

Ranar 14 ga Satumban 2015, wasu na'urori biyu a Amurka, ɗaya a Livingston ta jihar Luwiziyana, ɗaya a Hanford ta jihar Washinton, suka yi wani ɗan motsi da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Tsakaninsu akwai tazarar kusan kilomita 3,000, kuma ta Livingston ce ta riga ji da kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa. Abin da ya motsa su ya baro inda ya taso tun kimanin shekara biliyan 1.3 da suka wuce, lokacin da wasu baƙaƙen ramuka biyu, wato wurare a sararin samaniya da ƙarfin janyowarsu ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce musu, ɗaya mai nauyin da ya ninka na ranarmu sau 36, ɗaya mai nauyin rana 29, suka yi ta kewaya juna har suka haɗe suka zama guda mai nauyin rana 62. Ragowar nauyin rana uku bai ɓace ba, ya rikiɗe ya zama igiyoyin janyowa ya bazu ko'ina. A wannan ɗan ƙiftawar ido, ƙarfin da ya fita ya zarce hasken dukkan taurarin da ake iya hangowa idan aka haɗa su.

Sai da aka yi wata biyar ana tantancewa kafin a gaya wa duniya, ranar 11 ga Fabrairun 2016. Wadda ta tsaya ta nuna wa 'yan jarida layukan da na'urorin biyu suka zana, ta kunna musu sautin, ita ce Gabriela González, haifaffiyar birnin Kordoba na Ajantina, wadda a lokacin take kakakin haɗakar masana sama da 1,000 da ke aikin LIGO, wato sunan waɗannan na'urori biyu. Wadda ta buɗe taron kuma France Córdova ce, shugabar hukumar da ta ɗauki nauyin aikin tsawon shekaru, ita ma masaniyar taurari. Ranar ta zo daidai da karon farko da aka yi bikin ranar mata da 'yan mata a fagen kimiyya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware.

A 2017 aka ba maza uku kyautar Nobel kan wannan aiki: Rainer Weiss, Barry Barish da Kip Thorne. Sun cancanta, babu mai ja. Amma wanda ya tsaya a kan sunayen nan uku ba zai gane yadda aka yi aka ji wannan motsi ba, domin matsaloli ne a jere, kowace sai an warware ta kafin a isa ta gaba, kuma da dama daga cikin masu wuyar mata ne suka kwance su. Na fi son a san su ta aikin da suka yi, domin jera sunaye kawai ba ya ƙara wa kowa sani.

Mene ne ma yake motsin?

A 1915 Albert Einstein ya kammala nazarinsa kan ƙarfin janyowa, wato abin da ke sa jifa ya dawo ƙasa, wata ya kewaya duniya, duniya ta kewaya rana. A wajensa, sarari da lokaci ba fili ba ne da ke tsaye cak abubuwa na wucewa a cikinsa. Duk abu mai nauyi yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, sauran abubuwa kuma suna bin wannan lanƙwasa. A 1916 ya ƙara da cewa idan masu nauyi suka yi motsi mai ƙarfi, lanƙwasar za ta riƙa tafiya tana yaɗuwa da gudun haske. Duk inda ta ratsa, tazarar da ke tsakanin abubuwa za ta ɗan miƙe ta wannan ɓangare ta ɗan tsuke ta wancan, sannan ta juya. Abin da ke miƙewa shi ne nisan kansa, ba iska ko ruwa ko ƙasa ba.

Shi kansa Einstein ya yi ta tufka da warwara a kan batun. A 1936, shi da Nathan Rosen suka rubuta takarda suna cewa igiyoyin ba su wanzu, daga baya ya gane akwai kuskure a lissafin ya canja matsaya. Dalilin ruɗanin shi ne ƙa'idojin lissafinsa suna da sarƙaƙiya ƙwarai, har ba a iya bambance motsi na gaskiya da wanda ma'aunin da mai lissafi ya zaɓa ya haifar. Wata Bafaranshiya masaniyar lissafi, Yvonne Choquet-Bruhat, ita ta kafa tubalin da aka tsaya a kai. A takardar da ta wallafa a 1952, bayan zaman da ta yi a Princeton inda ta riƙa tattaunawa da Einstein, ta tabbatar da cewa idan aka san yanayin sarari a wani lokaci, ƙa'idojin suna ba da amsa guda tak kan yadda zai kasance nan gaba, kuma tasirin janyowa yana tafiya ne da gudun da ke da iyaka. Duk kwamfutar da ke kwaikwayon haɗuwar baƙaƙen ramuka a yau, a kan wannan hujja ta dogara. A 1979 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikakkiyar mamba a Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, majalisar da aka kafa tun 1666. Ta rasu a 2025 tana da shekara 101.

Sauran tambayar ita ce ko igiyoyin na ɗauke da ƙarfi da za a iya aunawa. An yanke wannan ne a wani taro da Cécile DeWitt-Morette, ita ma Bafaranshiya, ta shirya tare da mijinta Bryce DeWitt a Chapel Hill cikin Janairun 1957. A can Felix Pirani ya nuna yadda igiyar za ta motsa abubuwa biyu da ke kusa da juna, Richard Feynman kuma ya kawo misalin sanda da aka zura wa zobba: idan igiyar ta wuce, zobban za su goga a jikin sandar, gugar ta haifar da zafi, zafi kuwa ƙarfi ne. Daga wannan taro aka fara maganar gina na'ura da gaske.

Shiru kafin ji

Na'urar LIGO bututu biyu ne da suka haɗu a kusurwa, kowanne tsawon kilomita 4, an zuƙe iskar cikinsu. Ana raba hasken leza gida biyu, a tura kowane rabi cikin bututu guda, ya daki madubi a ƙarshe ya dawo. Idan tsawon bututun bai canja ba, hasken biyu suna soke juna idan sun haɗu. Idan igiya ta miƙe ɗaya ta tsuke ɗaya, sai ɗan haske ya tsira ya faɗa kan ma'auni. A baki abin da sauƙi. Ba a nan gizo ke saƙar ba, sai a girman canjin: motsin da aka auna a 2015 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin furoton ba, furoton ɗin da ke can tsakiyar ƙwayar zarra.

A irin wannan ma'auni komai hayaniya ne. Mota a kan titi, igiyar teku da ke dukan gaɓa daga nesa, girgizar ƙasa a wata nahiya, masu saran itace a dajin da ke kewaye da Livingston. An taɓa samun wasu ƙananan alamu a Hanford da suka ɗaure wa kowa kai, da aka bi sawu sai aka tarar hankaki ne ke caccakar ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyaya na'ura. Saboda haka mafi yawan aikin shekara 40 da aka yi kafin a kai ga jin igiyar, aikin kashe hayaniya ne.

Madubin kansa nauyinsa kilo 40 ne, kuma ba a ɗaure shi a jikin komai ba. Yana reto ne a ƙarshen lilo mai hawa huɗu, kowane hawa na rage girgizar da ta taso daga na samansa. Hawa na ƙarshe zare huɗu ne na tataccen gilashi, kaurin kowanne bai kai rabin milimita ba. Aka zaɓi gilashi a maimakon ƙarfe saboda wata matsala da ba ta zuwa daga waje: duk abin da ke da ɗumi, ƙwayoyin jikinsa na rawa, kuma wannan rawar kaɗai ta isa ta rufe igiyar da ake nema. Norna Robertson, wadda ta fito daga Jami'ar Glasgow, ita ta jagoranci tsara wannan lilo na sabuwar LIGO, Sheila Rowan kuma ta kwashe shekaru a Glasgow tana nazarin zaren gilashin da yadda za a manna shi a jikin madubi ba tare da an ƙara hayaniya ba. Gabriela González ma daga nan ta faro, domin digirinta na uku a Jami'ar Syracuse a 1995 a kan wannan rawar ɗumi ta yi shi. Tsohuwar LIGO ta yi aiki daga 2002 zuwa 2010 ba ta ji komai ba. Sabuwar, da wannan lilo da sauran gyare-gyare, ta ji tun kafin a buɗe zangon aikinta a hukumance.

Bayan an kashe duk wannan, akwai hayaniyar da ke cikin hasken kansa. Haske ƙwayoyi ne, kuma ba sa isowa a jere daidai wa daida, wani lokaci su yi yawa, wani lokaci su ragu. Idan aka ƙara ƙarfin leza don a rage wannan, sai ƙwayoyin su riƙa tunkuɗa madubin suna girgiza shi. Dokar kwantam, wadda ke bayyana halayyar ƙananan ƙwayoyi irin na haske, ta ce ba za a iya kawar da rashin tabbas ɗin nan gaba ɗaya ba, amma ana iya matse shi daga ɓangaren da ake aunawa a tura shi ɓangaren da ba a damu da shi ba. Nergis Mavalvala na cikin waɗanda suka mayar da wannan tunani ya zama na'ura mai aiki. An haife ta a Lahore a 1968, ta tashi a Karachi, ta yi digirinta na uku a jami'ar MIT ta Amurka ƙarƙashin Rainer Weiss, inda ta yi aiki kan yadda za a riƙa daidaita fuskar madubai da kansu, abin da in babu shi hasken ba zai zauna cikin bututun ba. Daga baya ita da abokan aikinta, ciki har da Lisa Barsotti, suka duƙufa kan matsattsen haske. An fara amfani da shi a kullum a LIGO daga 2019, a 2023 kuma aka ƙara wani bututu mai tsawon mita 300 da ke ba da damar matse hasken ta fuska daban-daban gwargwadon saurin kaɗawar igiyar. A 2020 Mavalvala ta zama mace ta farko da ta shugabanci tsangayar kimiyya ta MIT.

To ko an yi shiru, ta yaya za a gane abin da aka ji? Yawancin igiyoyin da ke isowa sun fi hayaniyar da ta rage rauni, ido ba zai gan su a cikin bayanan ba. Dabarar ita ce a san siffar sautin tun kafin ya zo, kamar yadda uwa ke tsinto kukan ɗanta a cikin hayaniyar taro saboda ta riga ta san muryar. Wannan na nufin sai an lissafa, daga ƙa'idojin Einstein, irin igiyar da kowane irin baƙaƙen ramuka biyu za su fitar, manya da ƙanana, masu juyawa da marasa juyawa. Nan aka kai ruwa rana. Gwajin farko na sa kwamfuta ta kwaikwayi karon baƙaƙen ramuka, Susan Hahn ta kamfanin IBM ce ta yi shi tare da Richard Lindquist a 1964, kuma lissafin ya wargaje tun bai yi nisa ba. Haka aka yi ta fama shekara 40. Tsakiyar baƙin rami wuri ne da lambobi ke hauhawa ba iyaka, kwamfuta kuwa da ta ci karo da haka sai ta tsaya.

A 2005 aka fasa wannan ƙulli. Frans Pretorius ne ya fara, sannan kafin shekarar ta ƙare wasu tawagogi biyu suka zo da wata hanya mai sauƙin ɗauka, kowace ba tare da sanin ɗayar ba: ta Manuela Campanelli a Brownsville ta jihar Texas, da ta Joan Centrella a cibiyar Goddard ta NASA. A da ana kafe tsakiyar ramin wuri guda a cikin lissafin, su kuwa suka bar ta ta yi yawo. Cikin ɗan lokaci tawagogi da yawa a duniya suka koma wannan hanya. Campanelli da abokan aikinta sun kuma nuna a 2007 cewa ramin da aka haifa bayan haɗuwa zai iya samun tunkuɗa ta kai gudun kilomita 4,000 a daƙiƙa, wadda ta isa ta fitar da shi daga rukunin taurarinsa ɗungurungum.

Sai dai kwaikwayo guda na iya cin makonni a manyan kwamfutoci, alhali binciken farko na LIGO ya buƙaci siffofi kusan 250,000. A nan aikin Alessandra Buonanno ya shigo. A 1999, ita da Thibault Damour suka fito da dabarar mayar da matsalar abubuwa biyu masu kewaya juna ta zama ta abu ɗaya da ke tafiya cikin wani lanƙwasasshen sarari. Da wannan ake samun siffar igiyar cikin sauri, sannan a daidaita ta da sakamakon manyan kwamfutoci. Alƙaluman 36 da 29 da 62 ba a gan su da ido ba, daga gwada abin da aka ji da irin waɗannan siffofi aka ciro su. Buonanno, 'yar Italiya, tana cikin daraktocin cibiyar Max Planck da ke Potsdam a Jamus tun 2014. A ganina nata aikin ne aka fi tauyewa a labaran da aka yi wa jama'a, wataƙila don lissafi ba ya ɗaukar hoto kamar bututu mai kilomita 4.

Wata biyar ɗin da aka yi ana tantancewa ma akwai dalilinsu. A 1969 Joseph Weber ya yi shelar ya ji igiyoyin da wasu manyan sandunan alminiyam, babu wanda ya iya maimaita sakamakon, kuma wannan ya bar wa fagen tabo na shekaru. Ban da haka, LIGO na da al'adar cusa alamar bogi a asirce don a gwada masu nazari, kamar yadda aka yi a 2010, inda aka rubuta takarda tsaf kafin a bayyana cewa gwaji ne. Don haka a 2015 sai da aka bi kowace waya da kowane ma'auni. Laura Cadonati ta Georgia Tech ce ke shugabantar kwamitin nazarin bayanai a lokacin. Ƙarshen lissafin ya nuna cewa hayaniya kaɗai ba za ta haifar da irin wannan alama a na'urorin biyu ba ko sau ɗaya cikin shekara 200,000.

Daga fulsa zuwa zinariya

Tun kafin LIGO, akwai hujjar da ta sa gwamnati ta yarda ta zuba kuɗi, kuma asalinta na komawa ga wata ɗaliba. A 1967 Jocelyn Bell, 'yar Ailan ta Arewa, tana karatun digiri na uku a Kambirij. Ta yi shekara biyu tana cikin masu kafa turaku da ɗaura wayoyin na'urar sauraron sararin sama, sannan ta riƙa bin dogayen takardun da na'urar ke zanawa da idonta. A ciki ta lura da wani ɗan ƙazanta da bai yi kama da sauran ba, ta nace a kansa, aka tarar bugu ne da ke maimaituwa duk daƙiƙa 1.33. Fulsa ke nan: gawar tauraro da ta dunƙule, nauyinta ya fi na rana amma faɗinta kimanin kilomita 20 ne, tana juyawa tana watso haske a kan ƙa'ida. A 1974 aka ba malaminta Antony Hewish da Martin Ryle kyautar Nobel, ita ba a saka ta ba. A 2018 da aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta bayar da kuɗin duka don ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na uku daga rukunin mutanen da ba su da yawa a fagen, ciki har da mata.

A 1974 ɗin dai, Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano wata fulsa da ke kewaya wani tauraron nutron, wato irin wannan dunƙulalliyar gawar tauraro, duk awa 7 da minti 45. Shekaru na aunawa suka nuna kewayen na tsukewa da kimanin mita 3.5 a shekara, daidai da abin da lissafin Einstein ya ce zai faru idan suna asarar ƙarfi ta igiyoyin janyowa. A 2003 wata ɗaliba 'yar Italiya, Marta Burgay, ta gano wasu biyu da na'urar Parkes ta Ostireliya, waɗanda ke kewaya juna cikin awa 2.4 kacal. Vicky Kalogera, 'yar Girka da ke Jami'ar Northwestern, ta yi amfani da wannan wajen sake lissafin yawan haɗuwar irin waɗannan taurari, ƙiyasin ya ƙaru sosai, fatan masu LIGO ma ya ƙaru.

Ranar 17 ga Agustan 2017 abin ya zo. Wannan karon sautin ya ɗauki kusan daƙiƙa 100, alamar taurarin nutron ne biyu, ba baƙaƙen ramuka ba. Bayan daƙiƙa 1.7 da haɗuwarsu, tauraron ɗan'adam na Fermi ya ga walƙiyar hasken gamma. Na'urar Virgo da ke kusa da Pisa a Italiya, wadda ta shigo aikin tun farkon watan, ba ta ji sosai ba, kuma wannan rashin jin ne ya taimaka, domin ya nuna abin ya fito ne daga ɓangaren sama da kunnenta bai cika kamawa ba. Aka taƙaita wurin, aka aika wa masu na'urorin hangen nesa. Cikin awa 11, wata ƙaramar na'ura a Las Campanas ta ƙasar Cile ta hango sabon ɗigon haske a rukunin taurari na NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130.

Wannan saurin ba sa'a ba ce. Masu LIGO da Virgo mutane ne da suka saba riƙe bayanai sai sun tabbatar, masu hangen taurari kuwa suna buƙatar labari nan take kafin hasken ya dushe, kuma da yawansu ba su yarda za a taɓa jin wani abu ba. Marica Branchesi, 'yar Urbino ta Italiya, ta shafe shekaru tana shiga tsakani, tana lallashin waɗannan su saki bayani da wuri, tana shawo kan waɗancan su ware lokacin na'urorinsu. Da abin ya faru, cibiyoyi kusan 70 a ƙasa da sama suka juya wuri guda. Mujallar Nature ta saka ta cikin mutum 10 na shekarar 2017. Eleonora Troja ce ta jagoranci tawagar da ta fara ganin hasken eksire daga wurin bayan kwana 9, Mansi Kasliwal ta Caltech kuma ta haɗa na'urori a nahiyoyi daban-daban suna miƙa wa juna kallon yayin da dare ke zagaya duniya.

Abin da suka gani ya amsa tsohuwar tambaya. A 1957 Margaret Burbidge da abokan aikinta uku sun bayyana yadda taurari ke ƙera sinadarai, suka nuna cewa masu nauyi irin zinariya da filatinam na buƙatar wurin da nutron, abokin zaman furoton a tsakiyar ƙwayar zarra, ke zuba da yawa cikin ƙanƙanin lokaci. Ina ne wannan wurin? Shekara 60 ana muhawara. Hasken NGC 4993 ya fara da shuɗi, cikin kwanaki ya koma ja ya dushe, daidai yadda aka yi hasashen tarkacen da ke cike da sababbin sinadarai masu nauyi zai yi. Har yanzu ana jayayya kan ko irin wannan haɗuwa ce kaɗai ke samar da su, amma an tabbatar tana cikin manyan hanyoyin. Tazarar daƙiƙa 1.7 bayan tafiyar shekara miliyan 130 kuma ta nuna gudun janyowa da na haske ɗaya ne, abin da ya rushe ra'ayoyi da dama da aka gina don maye gurbin na Einstein.

Daga 1901 zuwa 2024 mata biyar ne kawai suka karɓi Nobel a fannin fiziya: Marie Curie, Maria Goeppert Mayer, Donna Strickland, Andrea Ghez da Anne L'Huillier. Ghez ta samu ne a 2020 saboda bin taurarin da ke kewaya tsakiyar rukunin taurarinmu, har ta nuna akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4 a wurin. Ƙa'idar kyautar ba ta wuce mutum uku, takardar da ta ba da labarin 17 ga Agusta kuwa sunaye sama da 3,000 ke kanta. Ina ganin wannan ƙa'ida ta fi cutar da masu aikin da ba ya fitowa fili, irin su zaren gilashi da lallashin abokan aiki, kuma yaran da ke neman wanda za su yi koyi da shi sunayen da aka ɗaga kawai suke gani.

Abin da ba a warware ba

LIGO na jin igiyoyi masu saurin kaɗawa ne kawai, daga goma zuwa dubbai a daƙiƙa. Manyan baƙaƙen ramuka masu nauyin rana biliyoyi, waɗanda ke tsakiyar rukunan taurari, igiyarsu na ɗaukar shekaru kafin ta kaɗa sau ɗaya, babu bututun da zai kama ta. Nan aka koma wa fulsa. Wasunsu na juyawa ɗaruruwan sau a daƙiƙa a kan ƙa'idar da ta kusa ta agogon zarra, don haka idan igiya ta miƙe sararin da ke tsakaninmu da su, bugunsu zai riƙa ɗan jinkiri ko ɗan riga lokaci, cikin wani tsari da ya danganta da inda kowace take a sama. A Yunin 2023 haɗakar NANOGrav, wadda Maura McLaughlin ta Jami'ar West Virginia ke cikin jagororinta, ta fitar da sakamakon shekara 15 na bin fulsa 68, tare da tawagogin Turai, Indiya, Ostireliya da Sin. Sun ga alamar wannan tsari. Sun yi taka-tsantsan, suka kira shi hujja mai ƙarfi, ba su ce an gama ba, kuma ba a tantance tushensa ba tukuna.

Su ma baƙaƙen ramukan da LIGO ke ji sun zo da nasu ruɗanin. A Mayun 2019 an ji haɗuwar masu nauyin rana 85 da 66, alhali nazarin mutuwar taurari ya ce tauraro ba zai bar rami mai nauyin 85 ba, sai dai ya tarwatse gaba ɗaya. Wataƙila shi ma ɗan wata haɗuwa ce da ta gabata. A Agustan shekarar kuma aka ji wani abu mai nauyin rana 2.6, ya yi wa tauraron nutron nauyi, ya yi wa baƙin rami sauƙi. Akwai kuma saɓanin saurin faɗaɗar sararin samaniya, inda wata hanyar awo ke ba da alƙalamin kusan 67, wata kuma 73 a ma'auni guda. Igiyoyin janyowa na ɗauke da nisan tushensu a jikinsu, kuma awon 2017 ya ba da kusan 70, sai dai da faɗin kuskuren da ya rufe duka biyun. Ana buƙatar irinsa da yawa kafin a raba gardama.

Na'urori na ƙaruwa. KAGRA na ƙarƙashin dutse a Kamioka ta Japan, Indiya ta amince da gina tata LIGO a jihar Maharashtra a 2023, Turai na shirin wata a ƙarƙashin ƙasa, a Janairun 2024 kuma hukumar sararin samaniyar Turai ta amince da LISA, kumbo uku da za su riƙa harba wa juna leza a tazarar kilomita miliyan 2.5, ana sa ran harba su wajen 2035.

Babban abin da ake hari ya fi duk waɗannan nisa. Haske mafi tsufa da ake iya gani ya fito ne kimanin shekara 380,000 bayan farkon faɗaɗar sararin samaniya, kafin nan zafi da cunkoso ba su bar haske ya wuce ba. Igiyoyin janyowa babu abin da ke tare su, don haka idan an haifi wasu a farkon farawa, suna nan, kuma za su bar wani murɗaɗɗen tambari a jikin wancan tsohon haske. A 2014 wata tawaga da ke aiki a Ƙurewar Kudu ta ce ta ga tambarin, kafin shekara ta zagayo aka gane ƙurar rukunin taurarinmu ce ta ruɗe su. Yanzu ana neman sa daga cibiyar Simons da ke kan tsauni mai tsayin mita 5,200 a hamadar Atakama ta Cile, inda Suzanne Staggs da Jo Dunkley na Jami'ar Princeton ke cikin masu jan ragamar aikin, kuma wannan karon ana auna ƙurar da kanta a launuka daban-daban don a cire ta kafin a ce an ga wani abu.